Wayar da ke buɗe injin sabulu

Yayana ya shekara goma sha ɗaya yana kula da injin yanka sabulu a wata masana'anta, tara daga ciki kuwa da waya ɗaya ya yi su. Baƙa ce, gilashinta ya tsage, bayanta ya sha salatif. A gida Kaka muke ce mata don tsufa.

Karambaninsa ne ya jawo. Ranar da aka kafa sabon inji, injiniyan kamfanin da ya sayar da shi ya ce manhajar da ke sarrafa injin ba ta buɗewa sai da lasisi, lasisin kuma a jikin waya ɗaya tak ake ɗaure shi. Ba da lambar layi ba, da wata doguwar lamba da ake ƙera kowace waya da tata. Manaja ya fita taro. Yaya, uban son a yaba, ya zaro tasa ya miƙa.

Tun daga ranar, in inji ya cije, sai ya kara wayar a jikin allon kafin a iya taɓa saiti. Bayan shekara biyu kamfanin can ya rufe, babu mai mayar da lasisin kan wata waya. Sau biyu ana rage ma'aikata ana tsallake Yaya. Ya san dalili, kuma ya riƙe dalilin da hannu biyu, don aikin nan shi kaɗai ne abin da yake da shi.

Sai dai ya ji jiki. Hutu ya gagare shi. Ranar da matarsa ta haihu, daga ƙofar asibiti aka kira shi ya koma. Da Mama ta kwanta ciwonta na ƙarshe, kwana ɗaya ya yi a wajenta. Har yau wannan yana ci mini rai.

Na ce masa, "Yaya, don Allah ka ba su Kakar nan ka huta."

Ya harare ni. "Ke me kika sani? Ranar da na ba su, ranar zan koma kamar kowa."

Bara aka kawo sabon manaja, mai fara'a da taushin baki. Ya ce ai bai kamata babba kamar Yaya ya riƙa yawo da ragargajajjiyar waya ba, in ta faɗi ruwa fa? Ya ajiye masa sabuwa fil a kwalinta. Yaya ya ƙi, ya sake ƙi. A karo na uku aka tara ma'aikata, aka yabe shi a gabansu har da tafi. Nan ya narke, ya cire layinsa ya miƙa musu Kaka.

Aka ƙera wa wayar akwatin ƙarfe a gefen inji, da caja da kwaɗo. Mako uku bayan haka aka ba Yaya takardar sallama.

Shagona ya zo ya zauna a benci, sabuwar wayar a cinyarsa, ko ledarta bai ɓare ba. Tausayinsa ya kama ni har na kasa yi masa faɗan da na tanada.

Ya ce, "Kin san ko yadda ake saita wuƙar ba su tambaye ni ba?"

Na ce, "Ai za su neme ka, Yaya. Bari injin ya tsaya ka gani."

Ya girgiza kai. "Na bi ta bayan katangar ɗazu, na tsaya na saurara. Yana tafiya. Lafiya lau yake tafiya."