Turken da Alhaji Muhammadu Sani Yake Zama a Kai

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Ranar Talata, tara ga watan Yulin 2024, muna tsaka da noman gero, labari ya iske mu cewa Allah Ya yi wa Alhaji Muhammadu Sani Mai Ɗab'i rasuwa a Kano, bayan gajeriyar jinya. Kowa ya ajiye fartanya. Tun daga ranar ƙauyenmu bai koma daidai ba.

Baba Alhaji, ni ban wuce firamare ba, ɗan karatun da nake yi ma a tabarmarka na ƙarasa shi. A kasuwar Ɗanbatta ka fara, kana baza ƙananan littattafai na boko da na ajami: yadda ake adana wake, hukuncin tsarki, maganin tsutsar gero. Ba ka taɓa korar mai karatu a tsaye ba. Sai ka ce, "Karanta abinka. In bai yi maka ba, ka gaya wa wanda zai yi wa." Daga tabarma ka kafa injin buga littattafai a birni. 'Yan siyasa suka yi ta kawo maka aikin fasta, har ka ce ka gaji da buga fuskokin mutanen da ba su san hanyar garinku ba. Ka tsaya kansila, daga baya ka je majalisar jiha.

Kana majalisa wasu mutane suka zo da igiyar awo, suka ce wani kamfani zai karɓi fadamarmu. Turken siminti na farko a tsakiyar gonarmu suka kafa shi, gonar da mahaifina ya bar wa Inna Fadima da ni da ƙannena. Ba mu da wata. Ka zo da babbar riga, ka shiga taɓo, ka karɓi diga ka tone shi da hannunka. Ka sa aka kai shi ƙofar zaurenka, ya zama wurin zamanka. In baƙo ya ce, "Ranka ya daɗe, ga kujera," sai ka ce, "Bar ni a nan. Muddin ina kansa, ba zai koma inda ya fito ba." Mu kuwa dariya muke yi.

Ranar sadakar uku wasu baƙi suka zo a farar mota. Sun yi addu'a mai tsawo. Da za su tashi, na ji ɗayansu yana tambayar mai unguwa ko har yanzu ruwa yana kwanciya a fadama. Washegari turke ya ɓace daga ƙofar zaure, sai gurbinsa a ƙasa.

A gonarmu na same shi, Baba, cikin raminsa na dā, an zuba sabon siminti, an shafa masa jan fenti. Ko kara ɗaya ba su taka ba. Wannan ya fi ba ni tsoro, domin masu gaggawa ba sa aiki haka. Da na gaya wa Inna, sai ta ɗaure irin da ta ware don baɗi ta mayar ɗaka.

Allah Ya jiƙanka, Ya haskaka kabarinka, Ya sa abin da ka buga da abin da ka tone su tsaya maka ranar hisabi. Ina miƙa ta'aziyyata ga uwargidanka Hajiya Rufaida da dukan iyali, da mutanen ƙasar Makoɗa. Allah Ya ba mu haƙuri.

Malam Najib, kai ne babban ɗa. Ban taɓa turken ba, domin in na tone shi ba ni da ƙofar da za a ji nauyin ɗauke shi daga bakinta. Kewaye shi nake yi da fartanya. Diga tana nan a wurina, zauren mahaifinka kuma babu kowa a bakinsa.