Muzurun Hatta da Aka Kira Damisa

Da ƙarfe huɗu da rabi na yammacin wata Juma'a, shekarar da nake aji shida, Kawu Isufu ya zaro waya daga aljihu ya miƙa wa Alhaji Ɗanlami, kuma daga nan komai ya fara lalacewa. Muna gonar da Kawu Isufu ke kiwon awaki a Hatta, cikin duwatsun bayan garin Dubai, maza a kan darduma ƙarƙashin dabino, mu mata a gefen mota muna haɗa shayi. Kawu Isufu mutumin Maraɗi ne, zaman Dubai ne ya mai da shi kawunmu. Shi kuwa Alhaji Ɗanlami shi ya kawo Baba ƙasar nan, ya koya masa harkar kago, wato jigilar kaya, a unguwar Al Rigga, don haka ko sunansa Baba ya gani a waya sai ya gyara zama.

Zuwa Hatta shi ne ƙaramar sallarmu. A Bur Dubai filat muke, a hawa na huɗu, wasanmu bai wuce carafke a baranda ba, sai ɓuya a lungun lif har mai gadi ya kore mu. A gona kuwa ƙannena sukan watse cikin duwatsu, su tsinci magarya, su bi 'yan awaki har Mama ta gaji da kira. Ni aikina wanke kofuna a bakin famfo, in na gama in raɓe da littafin namun daji da na aro a makaranta, wanda na yi ta sabunta aronsa har mai kula da littattafai ta daina tambayata.

Wani abu ne ya ɗauke wa Kawu Isufu 'yan awaki biyu. Ɗan mai gonar, wanda ke son farauta, ya ɗaure kyamara a jikin magarya kusa da kwamin shan ruwa, irin wadda ke ɗaukar hoto da kanta in wani abu ya gifta. Ta kuwa ɗauko wata dabba da sassafe tana shan ruwa, jikinta rodi-rodi. Niyyar Kawu Isufu ya ɗaga shingen garke ya rufe samansa da waya, shi ke nan. Amma mahaifin Alhaji maharbi ne a ƙasar Kano, kowa ya san labarin fatar damisar da Alhaji yake kwana a kai yana yaro. Kallo ɗaya Alhaji ya yi wa hoton ya ce, "Damisa ce. Damisa ƙi sabo." Ya ce wadda ta ɗanɗana akuya makiyayi take kiwo, ga shi Kawu Isufu shi kaɗai yake kwana a bakin garke. Ya kawo maganin da mahaifinsa ke yi: a zuba guba a mushe, a ajiye mata a hanyar ruwa.

Da na kai shayi, wayar tana kan darduma. Na durƙusa ina zubawa, idona a kan hoton. Ɗigon da ke jikin dabbar yana jikin kwami, yana ƙasa, yana kan dutse: inuwar ganyen magarya ce. Wutsiyarta gajera ce, ta damisa kuwa har ƙasa take ja. Bayanta da ƙyar ya zarce bakin kwami. Ga dogayen kunnuwa masu tuntu baƙi a tsininsu. Na san ta daga littafina, karakal, muzurun dajin da ya yi ƙaranci a duwatsun nan har masu bincike kan shekara ba su ga ko ɗaya ba. Ba ya taɓa mutum.

Ni da ko a aji ba na ɗaga hannu, na ji bakina ya ce, "Alhaji, ba damisa ba ce. Ku dubi kunnen."

Alhaji ya yi murmushi, ya tambaye ni ko a cikin littafi na taɓa jin warin damisa. Aka kwashe da dariya, har da Baba, wanda ya ce khalas, ya isa haka, in koma wajen mamata. Mama ta murɗe mini cinya ta ce, "Ba a gyara wa babba magana a gaban mutane." A hanyar gida na yi ta lissafa wa Baba wutsiya da kunne da inuwa, shi kuwa ya ƙara wa rediyo murya.

Mako bai zagayo ba hoto ya shigo wayar Baba. Ni ke karanta masa saƙonnin Turanci na masu jirgin ruwa, don haka ni na fara gani. Dabbar ce kwance a kan tsakuwa, gubar ta kashe ta, jikinta jaja-jaja kamar ƙasar wurin, babu ɗigo ko ɗaya, tuntun kunnenta ya kwanta cikin ƙura. Na ɗauka yanzu kam wani zai ce wani abu. Da aka nuna wa Alhaji, sai ya ce ai ƙaramar damisa ce da zanenta bai fito ba. Maza suka gyaɗa kai, aka ci gaba da zancen kwantena. Abin da ya fi ƙona mini rai ba dariyar ba ce. Gawar tana gabansu a hoto, amma ita ma ba a bari ta ba da shaida ba.

Yanzu ina jami'a, kuma a ƙarshen mako nakan taya masu bincike tantance hotunan irin waɗannan kyamarori. Awaki nake gani, da yanyawa, da ƙafafun masu yawon dutse, don Hatta ta cika da motoci da rumfunan gahawa. Kunne mai tuntu sai a jima ba a gani ba, in ya bayyana kuma nakan daɗe ban wuce hoton ba. A da dabbar na nan babu mai sauraro, yau ga masu sauraro, dabbar ake nema.

Bara Alhaji ya koma Kano. Wata rana muna tsallaka ruwa a abra, kwalekwalen haya na Dubai, ni da Baba, na tambaye shi abin da na riƙe tun ina yarinya: da gaske bai ga kunnen ba?

"Na gani, Hafsa, tun kafin ki kawo shayi," in ji shi. "Amma Alhaji ya riga ya faɗa."