Ɗakin da Muka Kira Zaure

Bayan na ajiye aiki na dawo Gusau na zauna a Damba, ban yi niyyar sake taka wata makaranta ba. Na koyar a wurare da dama. Na zauna Khartum da Alƙahira da Yamai da wani gari mai sanyi a arewacin Ingila, kuma na ƙoshi da taro da kwamiti. Wanda ya fito da ni wani tsohon ɗalibina ne. Ni na duba aikinsa na digiri na biyu, ni na shige gaba ranar da aka je nema masa aure a Tsafe. A gidana ba ya tsayawa a zaure kamar sauran baƙi, sallama kawai yake yi ya wuce ciki ya gaida matata Hajiya, ta zuba masa tuwo. A lokacin an ba shi shugabancin sashen masu digiri na biyu da na uku a wata babbar makaranta.

Ya zo wata rana da yamma ya ce akwai wani tsohon ɗaki a ƙarshen gininsu, an cika shi da karyayyun kujeru. Yana son a mai da shi wurin da ɗalibai za su riƙa hutawa, su yi karatu, su jira malamansu. Ya ce ni na ga duniya, ni zan san yadda ake shirya irin wannan wuri. Na amsa masa nan take.

Kafin in duba ɗakin sai na fara duba masu ɗakin. Na same su a gindin wani itacen dogon yaro da ke gaban ginin, wasu kan saiwa, wasu kan bulo. Ba samari ba ne irin waɗanda na sani a Ingila. Akwai hedimasta daga Bungudu wanda furfura ta fara cin gemunsa, akwai malamin gona daga Kucheri, akwai wata ma'aikaciyar jinya daga Bilbis da jaririya a baya. Hanya ba ta biyuwa bayan la'asar, saboda haka suna idar da sallar asuba suke fitowa, su iso su zauna jiran malamin da zai iya zuwa da hantsi, zai kuma iya kaiwa azahar. Ita mai jaririyar, in 'yar ta yi kuka, sai ta zagaya bayan gini ta juya wa mutane baya, ta shayar da ita a tsaye. Sallarta kuwa a ƙarshen baranda take yi, mutane na gittawa.

Na zauna da su na tambayi abin da suke so. Hedimasta ya ce shi dai wurin da zai miƙe ƙafa. Malamin gona ya ce wuta, don kwamfutarsa ba ta riƙe caji. Mai jaririyar kuwa ta ce labule.

Na tuna ɗakunan da na sani. Na Ingila kujeru ne masu laushi da butar shayi, kowa da takalminsa a ƙafa, kowa ya ɓuya a bayan jarida, ba mai yi wa wani magana. A Khartum gadajen igiya ake jerawa a inuwa, a yi ta musu har shayi ya huce. A Alƙahira na ga masu karatu sun jingina da ginshiƙin masallaci yini guda ba wanda ya ce su tashi. A Yamai kuwa tabarma da gawayi da ƙaramar buta sun isa a kafa majalisa. Kowanne na ɗauki wani abu a cikinsa, amma ba wanda zai dace da mutanen gindin dogon yaro ɗungurungum.

Da aka kwashe tarkacen, na sa aka gina dakali ya bi bango biyu, tsayinsa daidai yadda mai ciwon gwiwa zai zauna ya tashi ba sai an kama shi ba. Tsakiya na bar ta fili don tabarmi, kuma hedimasta da kansa ya zaɓo su a kasuwar Bungudu ya ɗoro a kan mota. Na ce a sauko da soket ƙasa kusa da daɓe, domin wanda ke kan tabarma ba zai rataye waya a sama ba. Mun sa dogon tebur a jikin taga don masu buga rubutu, da allo a bangon da ya rage, da randa da moɗa a kusurwa, da kanta ta takalma a bakin ƙofa, da wurin alwala a waje. Kusurwar gabas kuwa muka ware ta da labule mai kauri, tana da tagarta da 'yar ƙofarta, mace ta shiga ta yi salla ko ta shayar ko ta kishingiɗa ba tare da ta ratsa maza ba. In aka naɗe tabarmi sai ɗakin ya zama wurin gabatar da takarda, in aka shimfiɗa ya koma wurin hutu.

Sai maganar suna. Na ce a kira shi Inuwa, tunda daga inuwar itace muka ɗauko su. Ɗalibin nawa ya yi dariya ya ce baƙo zai zo ya tambaya wane ne Malam Inuwa, me kuma ya yi wa makaranta. Ya ce Zauren Ɗalibai ya fi kwarjini. Ban ga aibun hakan ba, na ce to.

Ranar da aka kafa allon sunan, mai jaririyar ta tsaya ta karanta, sannan ta dube ni.

"Baba, zaure fa na maigida na. Mu mata wucewa kawai mukan yi."

"Haba Hajiya," in ji hedimasta, "wanga zaure kowa maigida na. Har ɗiyarki, ga ta nan ta fi mu iko, in ta yi kuka duk sai mun yi shiru."

Aka yi dariya, ita ma ta yi, ta ɗaga labule ta shiga.

Ɗakin ya yi aiki damina guda. Nakan leƙa in ba ni da abin yi. Wata rana ruwa ya tsare mu ciki. Hedimasta ya miƙe a dakali yana munshari da littafi a kan fuska, malamin gona da wani suna jayayya a gaban allo a kan wani lissafi da ni ban gane kansa ba, daga bayan labule kuma sai ƙarar buga kwamfuta, 'yar ta yi barci. Ta ce mini a nan ta gama babin da ya daɗe yana gagararta, don a gida ba a barin ta ta zauna. A duk ɗakunan da na gani a ƙasashen mutane, ban taɓa ganin wanda ya cika kamar wannan ba.

Daga nan na tafi Alƙahira aikin ido, jinya ta ja ni har bayan kaka. Da na dawo na huta, wurin da na fara zuwa ke nan. Tun daga nesa na hango mutane a gindin dogon yaro. Na ɗauka sababbi ne da ba su san da ɗakin ba, sai da na matso na gane gemun hedimasta. Allon sunan na nan inda yake, amma an canza ƙofa, an sa ta ƙarfe, kuma a kulle.

Ɗalibin nawa ya fito da saurinsa ya durƙusa ya yi mini barka da dawowa, ya sa aka buɗe. An fasa dakali. An shimfiɗa kafet bango zuwa bango, an jera manyan kujeru masu hannun zinariya, an sa na'urar sanyaya ɗaki, soket ɗin da na sa aka sauko da su duk sun ɓace a bayan kujeru. Na ɗaga labulen gabas. Firji ne a ciki da kulolin abinci.

Ya ce wasu manyan baƙi ne suka zo duba kwasa-kwasai, ba inda za a sauke su, aka ari ɗakin na 'yan kwanaki. Da suka yaba, sai manyan makaranta suka ga a bar shi haka. Na ce ai ba manya ne suka zo gidana suka ce mini ɗakin na ɗalibai ne ba, shi ne. Ya sunkuyar da kai kaɗan, sannan ya ɗago yana murmushi.

"Baba, ai zaure muka ce. Kai ma ka sani, zaure na maigida ne."

Ya ce ba a hana kowa ba, ranar da babu baƙi ɗalibi zai iya neman makulli a ofis.

"Ka taɓa ganin wadda ta je ofis neman makulli don ta ba jaririya nono?" na tambaye shi.

Ya nuna mini babbar kujerar da ke tsakiya ya ce in zauna in sha ruwa, ni kam ko yaushe na zo ƙofar a buɗe take. Har yau ban sani ba ko tun ranar da ya ƙi sunan Inuwa ya san inda zai kai maganar, ko kuwa daga baya ne ya ga kalmar ta yi masa daidai ya ɗauka. Na sha juya abin, kuma duk ta inda na juya ba daɗi.

Na fita na nufi gindin itace. Suka miƙe gaba ɗaya, kuma ba wanda ya ɗago maganar ɗakin. 'Yar ta yi wayo, tana rarrafe tana cin ƙasa. Uwar ta janye ta, ta kaɗe gefen tabarmar da take kai, na gane saƙar Bungudu ce.

"Zauna nan, Baba. An dai bar muna tabarmin."

Ban ji alamar gori a muryarta ba, da ma ta yi. Na tuɓe takalmi na zauna. Can da 'yar ta fara kuka, ta saɓe ta ta zagaya bayan gini.

Ɗalibin nawa yana zuwa gaishe ni har yanzu, da salla da kuma in ya ji ba ni da lafiya. In aka ce ga shi, nakan sa a shimfiɗa masa darduma a zaure, in fito mu gaisa, a kawo masa ruwa. Karo na farko ya miƙe zai wuce ciki kamar yadda ya saba, na ce ya zauna, zan isar wa Hajiya da gaisuwarsa. Ya dube ni, ya koma ya zauna. Tun daga ranar bai sake gwadawa ba.