Laure ta Kashe Wutar Banda

A unguwarmu a Argungu, in ka ji ƙanshin bandar kifi da safe, to Laure ce ta hura wuta. Sana'ar ta gada, ita ta ci da ita, har daga Birnin Kebbi ake zuwa sari.

Sai ga 'yarta Kausar, da an ba ta romon kifi leɓenta ya kumbura, jiki ya yi ruɗu-ruɗu. Muka yi ta cewa borin jini ne, zai wuce. Ranar da numfashin yarinyar ya fara sarƙewa, Laure ta kai ta asibiti a Birnin Kebbi. Can aka ɗiga mata ruwaye iri-iri a hannu, aka ɗan tsattsaga fatar, wurin ɗigon kifi ya tashi kamar cizon cinnaka. Likita ya ce alaji ne, wato jikinta ba ya karɓar kifi, ko hayaƙin bandar ma a raba ta da shi. Ya ba su allurar gaggawa, ya koya wa Laure yadda ake soka ta a cinya.

Laure ba ta yi gardama ba. Ta kashe wutarta, ta miƙa wa yayarta Sadatu ragar banda da masu sarinta kaf, ta koma tuyar masa. Na ga ta yi kuka ranar, amma Kausar ta yi ɓulɓul.

Ranar bikin sunan wani ɗan ƙanensu, Laure ta bar yarinyar a hannun Sadatu ta shiga aikin tukwane. Ba a jima ba aka kawo mata Kausar ido a kumbure, tana jan numfashi da ƙyar. Allurar da ke ƙulle a bakin zaninta ce ta riƙe ta har asibiti.

Sadatu ko musu ba ta yi ba. Garin busasshen kifi ta barbaɗa a miya, wai a saba mata a hankali.

"Ɗiyar masunta ta, Laure. In ba ta ci kihi ba, mi za ta ci? Kuma da sanin Inna anka yi."

Wannan ta ƙarshen ce ta karya Laure, ni ma har yau abin yana ci mini rai. Ba ta yanke zumunci ba, tana zuwa gaida mahaifiyarta duk Juma'a. Sai dai da kwanon abincin Kausar take zuwa, ɗaure a tsumma, kuma ba ta sauke shi daga cinyarta.