Bawa Ta-Ukku da Giyar Makka

Duk wanda ya zauna Bodinga a shekarun nan na mulkin farar hula ya san ba a ganin Bawa sai an fara jin sa. Kana zaune bakin tasha za ka jiyo wata ƙara daga hanyar Shagari, kamar akuyar da aka raba da 'ya'yanta, masu shayi su dubi juna su ce, "Ga Ta-Ukku nan." Sai ka shanye shayinka, ka kurkure baki, sannan a-kori-kurarsa za ta ɓullo, fara sol, tana tafe tana kuka. Giya huɗu ke gare ta, sandar giyar a jikin sitiyari, amma tun ranar da ya sayo ta Bawa bai taɓa wuce ta uku ba. Wallahi ko sau ɗaya!

Ni Garba ƙanin matarsa Kulu ne, don haka wasa ke tsakaninmu, ina faɗa masa abin da wani ba ya iyawa. Albasa nake nomawa a Dingyadi, shi kuma yake ja mini ita zuwa kasuwa a wata ƙaramar tirela da maƙeri ya haɗa masa. Sana'arsa ke nan, ja: tirelar albasa, buhunan gero, da duk motar da ta mutu a hanya. Ranar da na fara zama gaba kusa da shi, kunnena ya kasa jurewa.

Na ce, "Yaya Bawa, don Allah ka sa ta huɗu, motag ga za ta hwashe!"

Ya ce, "Kai Garba, doki in ya yi sukuwa, ruwa nawa yaka sha?"

"Da yawa."

"To mota ma hakanan ta. Ta huɗu gudu ta, gudu ko shan mai na. Ka gane?"

"To mi as amfaninta da anka saka?"

Sai ya shafa sandar giyar kamar mai shafa kan jinjiri, ya ce, "Wagga ta Makka ta. Ranad da za ni sansanin alhazzai Sakkwato, ni da kaina zan tuƙa, rannan zan sa ta. Ta huɗu tana da ranatta."

Na yi dariya har da hawaye, shi ko gezau. Da gaske yake. Yana da asusu a ɗakin Kulu, burinsa duka a duniya ya ga Ka'aba, kuma ya gama lissafi cewa duk man da ya hana motar sha, kujerar Makka yake tarawa. Kulu kan ce ta ga masu ajiye kwanon jere ba su ci a ciki, amma ba ta taɓa ganin mai jeren giya ba sai mijinta.

Abin da ya ƙara ɓata lamarin shi ne, akwai ranar da gaskiya ta faɗo gefensa. Wani matashin direba a garin, Sani, ya sayo sabuwar a-kori-kura 'yar Japan mai giya biyar, ya hana mu sakat a tasha. Kullum sai ya zo ya tsaya gaban Bawa yana kaɗa makulli.

"Baba Bawa, tawa biyat gare ta. Kai ko huɗun ma ka kasa cinyewa!"

Bawa ya ce, "Yaro, tuwo da yawa ba shi na ƙoshi ba."

Kwatsam wata motar 'yan siyasa, mai lasifika a ka, ta mutu wajen Kajiji, lokacin ana ta yawon neman ƙuri'a. Sani ya riga kowa zuwa, ya ɗaure ta da sarƙa, yana hawa kwalta ya zuba ta biyar don mutanen su ga aiki. Ai mota mai jan kaya ba ta son babbar giya. Injin ya yi ta nishi, ya ɗau zafi, lagireto ya tafasa, kafin su kai Shagari ya tsaya cak, hayaƙi na tashi. Muna tafe ni da Bawa da tirela babu kaya, sai muka tarar da su a gindin wata ƙirya suna fifita da huluna. Bawa ya sauko a hankali, ya kwance tirelar ya bar ni gadinta, ya ɗaura motar Sani a bayan tasa, ta 'yan siyasa kuma tana bayan ta Sani. Haka ya shiga Bodinga da su a jere, a ta biyu, yara na bin su da ihu. An ce da ya tsaya sai ya leƙo ta taga ya ce, "Sani, ƙidaya muna. Biyat naka, huɗu nasu, tara ke nan. Da guda nawa nij jawo su?"

Tun daga ranar babu mai iya gaya masa magana a kan giya. Ya ga hujja da idonsa, an gama.

Malam Isa makanike, abokinsa tun suna yara, shi ya fi kowa shan wahala. Ya zaunar da shi ya fi a ƙirga, yana yi masa bayani dalla-dalla: in kana jan kaya, e, zauna a ƙaramar giya, kana da gaskiya. Amma in ka sauke, kana dawowa fayau a kan kwalta, ta uku sa injin take yi yana ta juyi a banza, yana zuƙar mai kamar raƙumi ya ga rijiya. Ta huɗu ce hutunsa.

Bawa ya ce, "Isa, kai gyara kas sani, ni tuƙi nis sani."

Isa ya ce, "To mu gwada. Galan guda, daga nan hal Shagari, ka tahi da ta ukku. Gobe galan guda, ka tahi da ta huɗu. Mu diba wadda tar rage."

Har muka ɗauka Bawa ya kamu. Can sai ya ce, "In anka gwada ai an taɓa ta ke nan. Wa kag ga ya ɗanɗana ragon layya kahin Salla?"

Isa ya jefar da sifana ya shige shago yana cewa, "Allah shi shirye ka, Bawa, ni dai na gaji!"

Sai zamani ya juya. Gwamnati ta ce a tsuke bakin aljihu, kaya suka yi tsada, mai ya zama sai an bi layi, wani lokacin ka wuni a gidan mai ka dawo da jarka wayam. Nan fa rowar Bawa ta kai intaha. Ko ɗan gangare ya gani sai ya kashe mota ya sake ta firi, in gangaren ya ƙare ya ce fasinja su sauko su taimaki kansu. Wata safiya ya zo gonata a Dingyadi a ƙasa, yana ta yaba shanun huɗata, har na fara zargin wani abu.

"Garba, bajiman ga naka sun yi ƙiba. Zama na ɓata su."

Ashe ya bar motar a bakin fadama ne da lodin albasa, yana so shanun su ja ta su fitar da ita daga rairayi zuwa kwalta, don rairayi na shan mai. Haka aka yi kuwa. Shanu biyu a gaba, ni ina kora, Bawa na zaune a ciki riƙe da sitiyari, fuska a ɗaure kamar direban gwamna. Wasu Fulani masu kiwo suka tsaya suna kallo, wani dattijo a cikinsu ya rafka salati ya ce, "Yau ga mai jan mota ana ja nai!" Bawa ya leƙo ya ce, "Baffa, wagga ita ta giyad da ba ta shan komi sai harawa."

Muna dariya, amma asusun ba ya dariya. Duk dabarun nan ba su rage komai ba, domin abin da ya yi tsimi a gangare da rairayi, ta uku na shanye ninkinsa a kwalta. Shekarun da kujerar Makka ke da sauƙi suka wuce yana cewa baɗi. Soja suka karɓi mulki, damina ta yi gardama, albasa ta ragu, kayan gyara suka yi wuya, kuɗin kujera kuma ya yi sama ya bar shi. Abokan tafiyarsa duk suka zama alhazai, shi yana nan Malam Bawa. Ranar da aka je tarbar Malam Isa daga Makka, Bawa ne ya ɗauko shi daga Sakkwato, a ta uku, kuma Kulu ta ce mini da ya dawo gida ko tuwo bai taɓa ba. Har yau in na tuna wannan sai zuciyata ta sosu. Mutumin nan bai taɓa cin haram ba, bai taɓa barin kowa a hanya ba, abin da ya tsaya tsakaninsa da burinsa tun da wuri ɗan motsin hannu ne daga nan zuwa nan.

Da ya ga ƙarfi na raguwa, sai ya yanke shawarar da ba mu zata ba: zai sayar da motar ya cika kuɗin kujera. Sani ne ya saya, don tasa mai giya biyar ta daɗe da kwanciya saboda rashin kayan gyara. Aka taru a ƙofar gidan Bawa, ni da Isa muna shaidu. An gama ciniki, za a shafa fatiha, sai ya ɗaga hannu.

"Tsaya. Ku shaida, giya ukku da ribas nis saida mishi. Ta huɗu tawa ta."

Sani ya ce, "Baba, ƙaƙa za a raba mota da giyatta?"

"Ba rabawa za a yi ba, ajiya ta. Ranad da za ni sansani ka kawo mani makulli, in tuƙa, in sa ta. Daga nan na bam maka ita kyauta."

Isa ya riƙe ciki yana dariya. Sani ya sosa ƙeya ya ce ya yarda. Kuma abin mamaki, yaron nan da muke ɗauka shashasha ne ya riƙe alkawari. Mai na tsada, yana asara yana sane, amma kukan motar bai canza ba a tashar Bodinga. Har sunan ya so ya koma kansa.

Bawa ya biya kujera. Kulu ta ɗinka masa jaka, ya sayi harami yana gwadawa a tsakar gida, yana tambayar Isa yadda ake ɗaurawa. Ana saura 'yan makonni a kira su sansani, wata safiya bayan ya dawo masallaci, sai ya yanke jiki ya faɗi a zaure. Na aika aka kira Sani. Muka sa shi a gaba tsakaninmu, kansa a kafaɗata, Kulu a baya a kan tabarma, muka kama hanyar asibitin Sakkwato.

Mota na kuka a ta uku, hanya ta ƙi ƙarewa. Kulu na ta buga rufin motar tana cewa a yi sauri. Na dubi Sani, na ga hannunsa a kan sandar giyar, amma ya kasa sa ta huɗu.

Ya ce, "Baba, ka yi mani izini."

Na ɗauka Bawa bai ji ba. Can sai ya buɗe ido, ya dubi hanyar, ya daɗe yana kallo. Ya ce a hankali, "Hanyas Sakkwato ta ko?"

Na ce, "Ita ta, Yaya."

"To tahiyar ta zo. Taka kuloci, yaro."

Ya ɗaga hannunsa da ƙyar, na tallafa masa gwiwar hannu, ya ɗora a kan sandar. Sani ya taka, Bawa ya tura. Ta shiga sumul, ko ƙara babu. Nan take kukan nan da muka saba ji shekara da shekaru ya ɗauke, injin ya koma wani ɗan gunji mai laushi, motar ta miƙe kamar an sauke mata kaya. Har muna jin iska tana wucewa ta taga.

Bawa ya kasa kunne. Na ga hawaye ya gangaro masa. Ya ce, "Ashe haka muryatta take. Ashe dut shekarun ga kuka baiwar Allah takai." Ya numfasa, sannan ya ɗan matse hannuna. "Garba, Isa na da gaskiya. Amma kada ka hwaɗa mishi."

Ina dariya ina kuka muka shiga Sakkwato. Hanyar asibiti ta bi ta kusa da sansanin alhazai, amma lokacin idonsa a rufe yake, ban kuma tashe shi ba. Washegari Allah ya karɓi abinsa.

Ban gaya wa Malam Isa ba har shi ma ya bi shi, yau ne na fara faɗa. Haramin da ya saya kuwa yana nan a akwatin Kulu, a ninke yadda ya bar shi.

Ya Allah, Kai ne ka san niyya, kuma bawanka Bawa ya ɗaura tasa tun yana da ƙarfinsa. Ka rubuta masa ladan tafiyar da bai ƙarasa ba. Kamar yadda bai taɓa wuce wanda ya maƙale a hanya ba, kada Ka bar shi a tasa hanyar. Ka gafarta masa taurin kansa, Ka sanyaya makwancinsa, Ka ba shi hutun da ya hana motarsa. Amin.