Kunyar Suruki Ta Ci Mana Alkamar Shekara

A lokacin ina sabuwar amarya a unguwar Yalwawa cikin Dutse, malamar firamare, kuma ni ce gwanar waya a dangin mijina, har ina ji da kaina. Surukina dattijo ne Bafillace, manomi a wani ƙauye kusa da Jahun. Tun da na shigo gidansu 'yata yake ce mini, kuma bai taɓa zuwa Dutse ba tare da ƙwaryar nono ba. Da aka buɗe rajistar manoman rani ta intanet, wadda ake ba da irin alkama da taki, sai ya ce ba mai cike masa sai ni.

Ya zauna a tabarma, na buɗe shafin. Wallahi abin ba wuya, komai dalla-dalla. Amma da na zo gurbin suna, sai hannuna ya ƙi. Na san sunansa na yanka sarai, amma ni da ko mai irin sunan ba na iya kira, ina ni ina rubuta shi tsirara, ga shi zaune a gabana? Sai na sa Alhaji, na bi shi da laƙabin da duk ƙauyen ke kiransa. Shafin ya karɓa, ya tambaye ni ko na gamsu da aikinsu, na danna na gamsu ƙwarai.

Ranar rabo surukina ya yi sammako, ya bi layi har azahar. Ma'aikacin ya duba katin ɗan ƙasarsa, ya duba na'ura, ya ba shi haƙuri cewa sunayen ba su dace ba, kuma an rufe gyara. Fadamar da ya riga ya share haka ta zauna a shekarar. Kaico! Na yi kuka har na gode Allah. Shi kuwa bawan Allah, cewa ya riƙa yi wa mutane na'urar ce ba ta san manya ba, don kada a ga laifina.

Da shekara ta zagayo aka sake buɗe rajistar, ya dawo da ƙwaryar nononsa, ya zaro katin daga leda, ya tura mini, ya kau da kai wai yana kallon kaji. Cikin dariya ya ce in rubuta, shi bai gani ba, kunya ado ce amma ba ta shuka alkama.

'Yan'uwana mata, shafin gwamnati bai san suruki ba, abin da ke kan kati kawai ya sani. Ku rubuta yadda yake, ku bar kunyar a baki. Ni har yau ban taɓa furta sunan nan ba, amma na iya rubuta shi.