Ƙwallayen Kakana da Jiƙaƙƙiyar Ciyawa

Shekarun baya, ina ɗan aji ɗaya a sakandare, na fasa randar matar kawuna da ƙwallon kakana. Ni dai baƙar ƙwallo na gani tana sheƙi a cikin jakar fata, na ɗauka na wurga kamar mai jifan mangwaro. Ashe nauyinta ya kusa na jariri. Randa ta tarwatse, kaji suka yi ta kansu, ƙarar kuwa in kun ji sai ku rantse an sake juyin mulki. Ga shi a shekarar ce sojoji ke shirin komawa bariki.

Kakana tsohon ma'aikacin gwamnati ne. Tun yana saurayi ya koyi wani wasa wurin Turawan da ya yi aiki da su: a ajiye ƙaramar farar ƙwallo can nesa a kan ciyawa, kowa ya gangara tasa baƙar, wanda tasa ta tsaya kusa da farar shi ya ci. Abokan wasansa duk sun rasu, sai shi da ƙwallaye huɗu. A gidanmu na Ƙofar Durbi ko tsinken ciyawa babu, amma kawuna yana zaune a gidan gwamnati a GRA, da koren fili a bayansa. Duk Juma'a bayan la'asar tsohon yakan je can ya yi wasansa shi kaɗai.

Bayan an gama yi mini faɗan randa, na je na tsaya a kansa. "Tsoho, ka buga da ni mana."

"Da kai? Makashin randa? Ja'iri, wanga wasa ba ƙarfi ba ne, awo ne." Ya sa na shimfiɗa tabarma a ƙarshen filin. "Ran da ka kwantar da huɗun nan bisa tabarmar ga, ɗaya bayan ɗaya, na buga da kai. In ka cinye ni, na bar maka kakarka."

"Wannan tsohuwar? Riƙe abarka, ni wasan nake so."

Da aka yi hutu na tattara na koma gidan kawuna. Kullum da sassafe, mai ban ruwa na naɗe tiyo, ni kuma ina shimfiɗa tabarma. Ba abokin wasa, ba mai tafi. Ta farko ta tsaya a rabin hanya kamar jakin da ya yi gardama, ta biyu ta shige cikin shinge. Matar kawuna ta kwashe sabuwar randarta ta kai kicin, har da rufe ƙofa.

A hankali na gane abin da tsohon ke nufi. Takun da ka yi jiya shi za ka yi yau, hannu ya koma baya iyakar inda ya saba, ka durƙusa ka saki ƙwallo dab da ciyawa ba tare da ta yi tsalle ba. Har a kan hanyar masallaci lilo nake da hannu, mutane na kallona. Wata safiya huɗun suka hau tabarma suka kwanta. Na yi ihun da na tabbata an ji shi a Ƙofar 'Yandaka. Gobe ma haka, jibi ma haka.

A lokacin an rantsar da gwamnatin farar hula, manya na ta ƙus-ƙus cewa za a raba gidajen GRA ga sababbin masu muƙami. Ni ina ruwana, tabarma ce a gabana.

Juma'a ta zo. Kakana ya zauna a kujera bayan la'asar, ya harɗe ƙafa. Na yi takuna, na saki ta farko. Ta bi ta kan tabarma ko gaisuwa babu, ta faɗa lambatu. Ta biyu ta bi ta. Ta uku, ta huɗu, duk lambatu. Tsohon ya yi dariya har hularsa ta faɗi.

"Yaushe kake gwajin naka?"

"Da sassafe."

"Bayan an ba ciyawa ruwa?"

Na gyaɗa kai.

"Jiƙaƙƙiyar ciyawa riƙe ƙwallo take, busasshiya kuwa sakinta take. Amma dubi can." Ya nuna lambatun da sandarsa. Huɗun na kwance kafaɗa da kafaɗa. "Hannunka ya zauna, wuri guda suka faɗa. Ka koma ka gwada da rana, Juma'a mai zuwa mu gani."

"Haba Tsoho, mu buga yau ɗin mana, ko sau ɗaya!"

"Tabarma na ce, ban ce lambatu ba."

Na yi ta gwaji cikin rana har na yi baƙi kamar ƙwallayen, kuma na samu awon. Har yau in na ga an ba ciyawa ruwa sai na ji hannuna na dama yana son yin baya. Ba cin wasan ne ya dame ni ba. So nake na tsaya gefensa a filin nan, ya gangara tasa na gangara tawa, ya zolaye ni na rama. Nakan ce da na ƙara nacewa a ranar, da na yi masa kukan ƙarya irin wanda na ƙware a kai, wataƙila da ya miƙe.

Ran Laraba mota ta zo ta kwashe kayan kawuna. Wanda aka ba gidan ya zuba siminti a filin don ajiye motoci. Mun nemi wata ciyawar, duk inda muka je sai yashi da tsakuwa, daga baya kuma gwiwa ta zaunar da kakana. Ya rasu bayan damina biyu. Ƙwallayen suna ƙarƙashin gadon mahaifiyata a cikin jakarsu. Ni da shi ba mu taɓa bugawa ba.